Sikirin ɗin laptop ya yi dauɗa, sifirit zan sa ko in sayi abin feshi?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗaliba ce a Kubwa nake, tunda hazon nan ya shigo sikirin ɗin laptop ɗina kullum a cikin ƙura, ga shatin yatsun ƙanina mai kallon katun. Wani mai shago a kasuwar Banex ta Abuja ya ce in sayi kwalbar feshi da ake haɗawa da ƙyalle, yayata kuma ta ce asarar kuɗi ce, in sa sifirit ko maganin goge gilashin taga kawai. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa. Ki ba yayarki haƙuri amma maganin taga kam kar ki kuskura, da yawansu akwai amoniya ciki, shi kuma sikirin akwai wani siririn shafi a samansa mai rage ƙyalli, in ya cinye shi sai wajen ya yi dabbare-dabbare kuma ba gyara sai dai canjin sikirin gaba ɗaya. Sifirit na kemis ma ki bar shi, sanitaiza kuwa har maiƙo take bari.

Abu ɗaya zan ce ki saya, ƙyallen maikrofaiba irin na goge tabarau. Kwalbar Banex ba dole ba ce, in kin dage ki duba jikinta an rubuta ba amoniya ba alkohol, in ba rubutu ki ajiye masa abinsa.

Ki kashe laptop ɗin ki cire caja, a baƙin sikirin ake ganin dauɗa sosai. Fara kaɗe ƙurar a hankali da busasshen ƙyallen, don ƙurar hunturu yashi ce, in kika murza ta da ƙarfi ita za ta karce miki shi, ni da tishu na yi wa nawa haka har yau layin na nan yana kallona. Shatin yatsu kuma ki ɗan jiƙa gefen ƙyallen da tataccen ruwa na kemis ki matse sosai, ba ruwan batir na wajen bakanike ba fa, wani akwai asid. Kar ki fesa komai kai tsaye, yana gangarawa ya shige ta ƙasan firam. Kar ki danna kamar mai wanke tukunya.

In maiƙon ya ƙi fita, Apple sun yarda a sa wa nasu laptop ɗin wani nau'in alkohol da ake kira isopropyl mai kashi 70 a jikin ƙyalle, in HP ko Dell ne ki fara duba abin da kamfanin ya ce a kan samfurin naki. Ki bari ya bushe kafin ki rufe, shi kuma ƙanin ki ce masa kallo da ido ake yi.