Muryar guruf: inda za a kai baƙi yini ɗaya daga Edinbura

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce su Baba da Mama za su zo bikin kammala karatunki, za su yi mako guda, kina neman garuruwan da za a tafi da safe a dawo Edinbura da yamma. To bari in yi miki murya, in na ce zan rubuta abin zai yi yawa.

Da farko dai, gari ɗaya a rana ɗaya. Kada ki duba taswira ki ga komai kurkusa ki ce za ki haɗa uku. Jirgin ƙasa ba ya cin lokaci sosai. Abin da ke gajiyar da dattawa shi ne tazarar da ke tsakanin inda jirgi ya sauke ku da wurin da kuka je gani, kuma a nan yawancin mutane suke yin kuskure. Shi ya sa kowane gari zan faɗa miki tashar da za ki sauka da abin da ke jiranki bayan kin sauka.

Duk jiragen daga Waverley, babbar tashar jirgin ƙasa ta Edinbura, suke tashi. In kina zaune a yammacin gari, na Gilasgo da Stirling da Dundee suna tsayawa a Haymarket, ba sai kin shigo tsakiya ba. Ki sayi tikitin zuwa da dawowa na rana ɗaya. Tun watan Satumba na 2025 ScotRail, kamfanin jiragen ƙasa na Sikotland, suka soke ƙarin kuɗin lokacin tafiya aiki, don haka ba sai kun jira hantsi ba. In kina da katin rangwame na ɗalibai, kashi ɗaya cikin uku ake cire miki, ke kaɗai. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, sauran yara kuma har huɗu fam ɗai-ɗai ake biya musu in suna tare da babba, amma sai kin faɗa wajen sayen tikiti. Sannan katin hawa bas kyauta na masu shekara 60 zuwa sama, na mazauna Sikotland ne. Baƙo ba ya samu, kada ki sa rai za a ɗauki su Baba kyauta.

Ranar farko ki kai su Gilasgo. Amma ki kula, layin jirgi tsakanin biranen biyu ya fi ɗaya. Wanda kike so shi ne mai zuwa Queen Street ta Falkirk High, wajen minti 50. Akwai wani mai bi ta Shotts zuwa Glasgow Central, yana tsayawa kusan kowane ƙauye, sai ki yi awa ɗaya da rabi a ciki. Kafin ki shiga ki karanta allon, ki ga tashoshin da zai bi. Dalilin da na sa Gilasgo a gaba shi ne sauƙi. Babban masallacinsu yana tsallaken kogin Clyde, an buɗe shi a 1984, ana iya takawa daga tsakiyar gari, akwai wurin alwala da ɓangaren mata. Gidan tarihi na Kelvingrove ba a biyan ko sisi, ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ki sauka a Kelvinhall. Abincin halal kuwa ki nufi unguwar Pollokshields, can ne ƙwaryarsa.

Stirling ita ma kamar minti 50 ce. Tsohuwar fadar garin, wadda ake zuwa gani, tana bisa dutse, daga tasha hawa ne na gaske a kan titin duwatsu, wajen minti 15 zuwa 20. In Mama na fama da gwiwa, ki ɗauki tasi a bakin tasha, ku sauko da ƙafa. Ki sayi tikitin shiga ta intanet tun da dare, musamman lokacin zafi da mutane suke cika. Akwai hasumiyar Wallace da za ku hango daga nesa, ta tunawa da yaƙin gadar Stirling na 1297 inda mutanen Sikotland ƙarƙashin William Wallace suka ci Ingilawa. Kyau kam akwai, amma matakala 246 ce, ƙunƙuntacciya, tana murɗewa, babu na'urar hawa. Wannan ta matasa ce. Dattawa su kalle ta daga katangar fada, daga nan ana ganin komai.

St Andrews nan ne mutane suka fi rikicewa. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa. Za ki hau mai zuwa Dundee ko Aberdeen ki sauka a Leuchars, kamar awa ɗaya, a ƙofar tasha ki hau bas mai lamba 99, minti 10 zuwa 15 kin shiga gari. Jami'arsu ita ce mafi tsufa a Sikotland, tun 1413. Akwai kangon tsohuwar majami'a a bakin teku, ga rairayi mai tsawo na West Sands. In kun je ran Lahadi, tsohon filin wasan golf da duniya ta sani yawanci ba a wasa a kansa, kowa na iya takawa ya ɗauki hoto. Sai dai iska ce da garin, mai shiga ƙashi ko da rana ta fito.

In kuma sun gaji kuna son rabin yini, biyu ne. North Berwick, kamar rabin awa, jirgi ɗaya a awa, don haka ki riƙe lokacin dawowa a kai. Daga gaɓa za ku hango wani tsibirin dutse, Bass Rock, lokacin zafi fari fat saboda yawan tsuntsayen teku da ke kansa. Ana zuwa kusa da shi a kwalekwale, amma ba a lokacin sanyi ba, kuma in teku ya tashi sai su soke da safe, kada ki gina ranar a kansa. Na biyu South Queensferry, ki sauka a Dalmeny, ƙasa da minti 20. Nan ne jar gadar jirgin ƙasa ta 1890 take, ga wasu gadoji biyu a gefenta, ta 1964 da ta 2017. Gajeriyar hanya daga tasha zuwa bakin ruwa matakala ce mai tsawo, saukowa da sauƙi, komawa ce wahala. Da keken jariri ko tsoho, gara bas daga Edinbura kai tsaye.

A Falkirk akwai wasu kawunan dawakin ƙarfe masu tsayin mita 30, amma ba su kusa da kowace tasha, sai da tasi ko bas. In Baba mai son tarihi ne, ku hau jirgin Tweedbank ku sauka a Galashiels, bas ya kai ku Selkirk. A tsakiyar garin akwai mutum-mutumin Mungo Park, Baturen nan mai binciken ƙasa wanda ya mutu a Bussa cikin kogin Neja, a yankin aka haife shi. Wannan zai ba shi abin faɗa in ya koma gida.

Yanzu maganar sallah da lokaci. Ba ki ce bikin wane wata ba ne, kuma bambancin babba ne. In na Yuni ko Yuli ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kuna da sarari. In na ƙarshen Nuwamba ko Disamba ne, kafin ƙarfe 4 magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba duk suna biye da juna cikin awa uku da ɗoriya. Ku fita da alwala, ki sa ƙaramar darduma a jaka, don ƙananan garuruwan nan ba lalle ki samu masallaci kusa ba. Wuraren tarihi ma suna rufewa da wuri lokacin sanyi.

Abinci: a bakin teku kifi da dankali za ku samu. Ki tambayi abu biyu, ko an kwaɓa fulawar da giya, da kuma ko mai ɗaya ake soya kifin da tsiran alade. Ba sa jin haushin tambaya. Baƙin abin nan da suke sawa a karin kumallo, black pudding, da jini ake yin sa, kada a taɓa.

Sai ran Lahadi. Ranar suke gyaran layin dogo, wani lokaci a sauke ku a sa ku a bas, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. Ki duba manhajar ScotRail daren Asabar kafin ki tayar da kowa. Yawon tafkin Loch Ness da ake tallatawa a kan titi kuwa, kusan awa 12 ne, mafi yawansa a zaune cikin mota, ban ba ki shawarar ki sa su Mama a ciki ba. Rigar ruwa mai hula ga kowa, lema ba ta jure iskar nan. Ki turo mana watan da za su zo, sai a jera miki ranakun.