Habib Benglia da finafinan Faransa marasa sauti

Tambaya: Malam, ko akwai baƙar fata da ya fito a finafinan Faransa tun kafin fim ya fara magana? Me ya sa ba ma ganinsu?

Amsa: Akwai Habib Benglia, haifaffen Oran ta Aljeriya a 1895, ya rasu a Faris a 1960. Wasan daɓe ya fi fito da shi, amma ya fito a fim ɗin Yasmina na 1927.

Rashin ganinsu kuwa, zaren finafinan wancan lokacin ne matsalar. Na wani sinadari ne da ake kira nitiret, mai saurin kama wuta, kuma in ya sha zafi da danshi sai ya yi danƙo, daga baya ya zama gari. Tsofaffin da suka tsira, da yawa an ɗauke su da hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa. A haska su da hoto 24 a daƙiƙa kamar fim mai sauti, sai ka ga kowa na sauri kamar ana korarsa.