Injina yana ƙin shiga kankare, wanne zan saya?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ni mai jan wayar wuta ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Injina na huda yana shiga bulo lafiya lau, amma da na ɗora shi kan dal (rufin kankare) ko ginshiƙi sai ya yi ta kuka, ya ɗau zafi har da ƙauri. Mai shago ya ce in sayi mai wat 1,000. Ko shi ne maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin fitar da kuɗinka, domin ba ƙarancin wat ke damunka ba, injin ne ba na wannan aiki ba. Irin naka, faifai biyu ne masu haƙora a cikinsa suke gogar juna, shi ya sa kake jin yana karkarwa. Wannan ya isa bulo. Kankaren da aka zuba wa tsakuwa kuwa duka yake so, kamar na guduma da kurfi.

Wanda kake buƙata shi ne mai bakin SDS-plus, wanda masu shago ke kira perforateur. Fistin ne a cikinsa yake matse iska, iskar ta tura ƙarfen da ke dukan gindin tsinken huda. Tsinken kuma ba ɗaure shi ake yi ba, cusa shi kake yi ya kama, ya riƙa kai da kawowa. Ƙarfin dukan da jul (J) ake auna shi, kuma shi za ka duba a kwali. Makita HR2470 wat 780 ne kawai, amma yana huda rami mai faɗin har milimita 24 a kankare. Bosch GBH 2-26 mai wat 800 yana kai 26. Ramukan fanka da na akwatin wuta ba su wuce ƙarfinsu ba. Babban samfurin, SDS-max, mai gindin tsinke milimita 18, na masu fasa gini ne, nauyi kawai zai ƙara maka a kan tsani.

In ka saya, kada ka danne shi da ƙirji, ɗabi'ar da kusan duk yaranmu suka taso da ita. Riƙe shi da hannu biyu, ka bar shi ya ci da kansa, kana ɗan zaro tsinken don garin ya fita. In ka ji ya tsaya cak, rodi ka taras. Matsa gefe kaɗan. Ka riƙa shafa giris a gindin tsinken, kuma da hunturu ka hure ƙofofin iskarsa kullum, don ƙurar Maradi ba ta raga wa inji. Rufe hanci da ido in kana huda sama.

In kuma na hannu za ka saya, wato wanda aka taɓa aiki da shi, karanta tambarin jikinsa kafin a jona. Wutarmu volt 220 ce; na Amurka 120 ne, wasu na wuraren gini a Ingila masu filogi rawaya kuma 110. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙone su.