Tambaya da Amsa: Shin 'Yan Siyasa Sun Cancanci Ƙarin Albashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana shirin yi wa masu mulki ƙarin albashi, wai abin da suke samu ya yi kaɗan. Don Allah nawa sanata ke ɗauka, kuma ƙarin ya dace?
Daga wani malamin firamare, Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Hukumar RMAFC mai kula da rabon kuɗaɗen shigar ƙasa ce tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa alhakin yanke albashin shugaban ƙasa, gwamnoni, ministoci da 'yan majalisa. A watan Agustan 2025 shugabanta, Mohammed Bello Shehu, ya koka cewa rabon da a taɓa jadawalin tun 2008, shugaban ƙasa na karɓar kusan naira miliyan 1.5 a wata, minista kuma bai kai miliyan ɗaya ba. A nan yana da gaskiya, don lokacin da aka yanke albashin, dala ba ta kai naira 150 ba.

Sai dai aljihun sanata baki biyu gare shi. Na farko shi ne na takarda: tsurar albashi naira 2,026,400 a shekara, wanda idan aka haɗa da alawus na kula da mota, 'yan aikin gida, jaridu da tufafi, hukumar ta ce yana kamawa naira 1,063,860 a wata. Na biyu shi ne kuɗin gudanar da ofis, kuma ba RMAFC ke yanke shi ba, daga kasafin majalisa yake fitowa. A 2018 Sanata Shehu Sani ya ce miliyan 13.5 ne duk wata. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa ya kai miliyan 21. Ka raba wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ka samu haƙƙin ma'aikata 300. A ƙa'ida ana kashe shi kan ofishin mazaɓa da tafiye-tafiyen aiki a kawo rasit, amma ɗan mazaɓa ba ya ganin rasit ɗin.

Ra'ayinmu shi ne kada a ƙara ko kwabo a baki na farko sai an buɗe na biyu, ana wallafa abin da kowane ɗan majalisa ya kashe da sunansa.

Tambaya: Idan an ƙara musu za su daina taɓa dukiyar jama'a? Ta yaya zan gane wanda na zaɓa yana riƙe amana?
Daga wata 'yar kasuwa, Gusau

Amsa: Hajiya, ƙari kaɗai ba zai yi magani ba, saboda kujerar ta fi albashinta tsada. A 2022 fom ɗin takarar sanata a APC naira miliyan 20 ne, dokar zaɓe ta shekarar kuma ta amince ɗan takara ya kashe har miliyan 100, alhali albashin takarda na shekara huɗu bai wuce miliyan 51 da 'yan kai ba. Ba a ma zo kan daliget ba, ko layin da ke ƙofar gidansa tun asuba, wannan da takardar asibiti, wancan da katin biki. Wanda ya ci bashi ya hau kujera zai nemi inda zai fanshe, kuma mu masu miƙa hannu muna da kaso a laifin.

Doka ta wajabta wa ɗan majalisa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, CCB, ranar kama aiki, duk bayan shekara huɗu, da ranar sauka. Matsalar ita ce fom ɗin yana kulle a hukumar. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fito da nasa fili a 2007 bisa raɗin kansa, don haka ki tambayi ɗan takararki ko zai yi hakan kafin ki ba shi ƙuri'a.

Abin da za ki iya dubawa da idonki shi ne aikin mazaɓa. Ki nemi sunan aikin da kuɗinsa a kasafin shekarar, ki gano ma'aikatar da aka ba shi, ki je wurin ki gani ko rijiyar burtsatsen tana ba da ruwa. In ba ta nan, ku haɗu a ƙungiyance ku rubuta wa ma'aikatar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ta kwana 7 ta amsa, ku nemi sunan ɗan kwangila da abin da aka biya shi. Ku kai kwafin wasiƙar da hotunan wurin ofishin hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda ke bin diddigin irin waɗannan ayyuka tun 2019.