Zan Sayar da Amfilifayar Jitar Bes, Yaya Zan Siffanta Amonta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da amfilifayar jitar bes, wato na'urar ƙara ƙarfin sautin jita mai kaurin amo, wadda na shekara takwas ina aiki da ita. Ƙarfinta wat 100 ne, lasifikarta ɗaya ce mai faɗin inci 15, kuma tana cikin akwati ɗaya da injin. Na yanke shawarar sayar da ita, amma duk wanda ya nuna sha'awa sai ya tambaye ni yadda amonta yake, ni kuwa iyakar abin da nake iya cewa shi ne tana da daɗin sauti. Ban da haka, ɗaya daga cikin maɓallan murɗawa yana yin ƙas-ƙas idan an juya shi. Yaya zan bayyana amon, kuma shin wajibi ne in ambaci wannan matsala? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na fahimci damuwarka, domin siffanta abin da kunne ke ji ba ƙaramin aiki ba ne ko ga waɗanda suka daɗe a harkar kiɗa. Sai dai kalmar daɗi ba ta sanar da mai saye komai, tun da babu mai sayarwar da zai ce kayansa ba su da daɗi. Abin da yake so ya sani shi ne ko amfilifayar za ta dace da irin kiɗansa, kuma hakan yana bukatar bayanin da zai iya tabbatarwa da kunnensa ranar da ya zo gwaji.

Ka fara da faɗin irin injin da ke cikinta, wato mai bawul (bututun gilashi mai ƙara ƙarfin sauti) ne ko mai taranzisto (ƙaramin kayan lantarki mai yin wannan aikin), saboda makaɗa suna sauraron sauran bayani ne a kan wannan. Mai bawul, irin Ampeg SVT da aka fito da ita a 1969 da ƙarfin wat 300, an san ta da amo mai taushi wanda ke komawa gurnani a hankali idan an matsa mata. Mai taranzisto kuwa takan ci gaba da fitar da sauti garau har ta kai iyakar ƙarfinta, daga nan sai ya fashe da kaushi.

Bayan haka sai ka zauna ka saurari kayanka kamar ba ka taɓa jin su ba. Ka mayar da maɓallan daidaita amo, na amon ƙasa (mai kauri) da na amon tsakiya da na amon sama (siriri), su tsaya a tsakiya, sannan ka kaɗa tsirkiya mafi kauri ba tare da ka danne ta ba. A jita mai tsirkiya huɗu, wannan tsirkiyar tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa guda, a mai tsirkiya biyar kuwa kusan sau 31, kuma a nan ne ƙananan amfilifayoyi suke gazawa. Idan sautin ya fito da nauyi har kana jinsa a ƙirjinka, kana da damar cewa amonta yana da kauri da zurfi. Idan kuwa ka kaɗa sautuka da sauri ka ji suna haɗiye juna ba a rarrabe su, to amon yana cunkushewa ne, kuma ya kamata ka gwada ko rage maɓallin ƙasa yana warware shi. Amon tsakiya shi ne wanda masu sayarwa suka fi mantawa da shi, alhali a ganina shi ne mafi muhimmanci, domin da shi ake jin bes a tsakanin ganguna da sauran kayan kiɗa. Na sama kuwa shi ke ba da kaifi, wanda masu marin tsirkiya da babban yatsa suke nema. An saba cewa lasifika mai inci 15 ta fi zurfi, mai inci 10 kuma ta fi saurin amsawa, amma ginin akwatin yana sauya wannan ƙwarai, saboda haka ka rubuta abin da kunnenka ya ji, ba abin da aka saba faɗa ba.

Idan abin da ka ji ke nan, za ka iya rubuta cewa amonta yana da kauri da taushi a ƙasa, tsakiyarsa yana fitowa sarai idan an ƙara maɓallin kaɗan, samansa ba shi da kaifi sosai, don haka ta fi dacewa da mai kaɗawa da yatsu. Irin wannan jimla za ta kore wasu masu saye, amma waɗanda za ta kira su ne waɗanda za su biya ba tare da sun dawo da ƙorafi ba.

Yana da kyau ka haɗa da ɗan sautin da ka naɗa, tare da faɗin jitar da ka yi amfani da ita da kuma ko tsirkiyoyinta sababbi ne, tun da sababbi sun fi tsofaffi kaifi. Ka kuma shawarci mai sauraro ya sa abin sauraro na kunne, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin ƙasa irin na bes. Game da ƙarfi, kada ka dogara da adadin wat kaɗai, domin ninka shi daga 100 zuwa 200 desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, wato ƙari kaɗan. Ya fi amfani ka faɗi girman ɗakin da ka saba aiki da ita, da ko tana iya tsayawa da mai ganga. Idan tana da mahaɗar ƙarin lasifika, ka kwafe adadin om, wato ma'aunin turjiyar lantarki, da aka rubuta a bayanta, 4 ne ko 8.

Maganar maɓallin da ke ƙas-ƙas kuwa, lallai ka ambace ta, kuma a rubuce. Sau da yawa ƙura ce ko datti ya taru a ciki, kuma mai gyara zai iya wanke shi da feshin tsabtace mahaɗan lantarki cikin ɗan lokaci, amma idan mai saye ne ya gano da kansa, zai fara shakkar duk sauran bayananka. Kada ka buɗe injin da kanka, domin kafasitocin da ke ciki, wato sassan da ke tara wutar lantarki, suna iya riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Ka kuma kunna ta ba tare da jita ba ka ji ko tana wani gunji mai ɗorewa, ka duba takardar lasifikar ko ta yage, tun da yagewa takan jawo karkarwa a sautin ƙasa. Ranar gwaji ka ce wa mai saye ya zo da jitarsa, ka bar shi ya kaɗa na aƙalla rabin sa'a, saboda akwai matsalolin da ba sa bayyana sai injin ya ɗauki zafi.