Littafi na ɗaya bai yi mini ba, in sayi na biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a unguwar Zariya a nan Maraɗi. Wata ƙawata ta dame ni da zancen wani littafi mai kashi biyar da ake sayarwa ta WhatsApp, labarin wani jami'in bincike da ke bin sawun masu kisan kai a garin da mutane da aljanu ke cin kasuwa ɗaya. Na biya jika guda na karanta na ɗaya, amma wallahi bai yi mini ba. Labarin ya yi ja, jarumin ya cika surutu, ƙarshen kuma na ji kamar an yi mini wayo. Ita kuwa ta rantse sai a na uku yake kankama. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙorafi uku kika kawo, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Jan labari da surutun jarumi ciwon sabon hannu ne, kuma yana warkewa. A littafin farko marubuci yana ta faman gina gari, yana gabatar da mutane, shi kansa bai gama sanin jarumin nasa ba. Ko Sherlock Holmes, jarumin labaran bincike na Ingila da duniya ta san shi, haka ya fara. Littafin farko da ya fito a ciki, a shekarar 1887, fam 25 kacal aka biya marubucinsa, Arthur Conan Doyle, kuma bai yi wani tashe ba. A tsakiyarsa ma sai aka ajiye binciken da ake yi a Landan aka kwashi mai karatu zuwa Yuta ta Amurka, aka shiga wani dogon tarihi. Sai a 1891, da gajerun labaransa suka fara fitowa a mujallar Strand, sannan mutane suka ruɗe. Kin ga ashe ba kowace Juma'a ake ganewa tun daga Laraba ba.

Ƙorafinki na uku shi ne abin zama a duba, wato jin da kika yi an yi miki wayo.

Labarin bincike ɗan'uwan kacici-kacici ne. Ki tuna muna yara, in aka ce "ƙulin ƙulifita" ka kasa, sai ka ba da gari, a faɗa maka amsa. Daɗin wasan yana wurin da za ka dafe kai ka ce "kash, ashe!", domin amsar tana cikin tambayar tun farko, kai ne ba ka gani ba. Da mai tambaya zai kawo amsar da ba ta da alaƙa da abin da ya faɗa, ai yara ma ba za su yarda ba, gobe ba mai ba shi gari. To haka yake tsakanin marubucin bincike da mai karatu. A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan rubutu. A cikinsu ya ce kada mai bincike ya ɓoye wa mai karatu wata alama da ya gano, kada ya dace da mai laifi bisa katari, kuma a fitar da tsafi da duk wani abin gaibu daga cikin lissafi.

Masu rubuta irin littafin da kika saya sun karya wannan ta ƙarshen da gangan, kuma ba laifi ba ne. Sai dai akwai kuɗin fansa: duk wanda ya shigo da aljani cikin bincike, dole ya gaya mana tun da wuri abin da aljanin zai iya da abin da ba zai iya ba. Misali, an tsinci gawar attajiri a turakarsa, ƙofa a kulle ta ciki. A babi na biyu marubuci ya sa wata tsohuwa ta faɗa cikin hira cewa mai layar zana yana ɓace wa idon mutum amma kare na ganinsa. Can a babi na tara maigadi yana ba da shaida, ya yi ƙorafin cewa a daren karensa ya hana shi barci, yana ta haushi a zauren da ba kowa. Mai karatu mai lura ya riga ya kama bakin zaren, wanda bai lura ba kuwa zai koma baya ya gani da idonsa. Wannan ciniki ne na gaskiya. Amma a ce an yi shafi ɗari biyu ana tambayar shaidu, sai a babin ƙarshe wata aljana da ba a taɓa ambata ba ta zo wa jarumin a mafarki ta raɗa masa sunan mai kisan, wannan rufa ido ne. Kuma mai irin wannan hali da wuya ya bari a littafi na biyu, don ya ɗanɗana sauƙinsa.

Mu mutanen ƙasar Maraɗi bai kamata a yi mana wannan wayon ba. Ba tallar bori nake ba, Allah Ya tsare, amma ko a wajen masu shi kowane iska da halinsa da kiɗansa: Ɗan Galadima an san shi da ado da ɓarnar dukiya, ba wanda zai rikita shi da Kuturu. In masu girka sun san iyakar kowane ɗaya, marubucin da ya ƙirƙiri nasa aljanun da alƙalaminsa ba shi da uzuri.

Don haka ki sake buɗe babin ƙarshe. Ki tsamo hujjojin da jarumin ya kafa ya kama mai laifin, ki bi su baya ɗaya bayan ɗaya. Tunda a waya yake, neman kalma ba zai ɗauke ki minti goma ba. In kin same su a binne a babukan farko, to ba wayo aka yi miki ba, gajiya da surutun jarumin ce ta sa kika tsallake su, kuma marubucin ya cancanci ki ƙara masa dama. In ba su nan, ki riƙe jikarki.

Ki kuma bincika wani abu: kashi biyar ɗin nan shari'o'i biyar ne daban-daban, ko labari ɗaya ne aka yayyanka? Al'adar yanka labari a ce "mu haɗu a littafi na biyu" daga kasuwar littattafan Kano muka gaje ta, ta biyo mu har cikin waya. In yankakke ne, "sai a na uku" na nufin sai kin zuba jika uku kafin a ɗora tukunya. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin, na bi wani marubuci har littafi na huɗu, ba don daɗi ba sai don kada kuɗin da na riga na kashe su tafi a banza. Na ƙare da asarar kuɗi da ta dare huɗu.

In gwajin ya fito da kyau, ki je wajen ƙawar taki ki karɓi wayarta ki karanta babi uku na littafi na biyu a gabanta. Kada ta tura miki, guminsa ne mai littafin, kuma da shi yake cefane. Kuna zaune ki yi mata tambaya ɗaya: a na ukun da take yabo, ta cinki mai laifin kafin jarumin ya faɗa, ko ta kusa? In ta ce ta zargi mutum biyu, ɗayansu ne ya fito, ki saya. In ta ce "ai wallahi ba mahaluƙin da zai iya ganewa", ki miƙa mata wayarta.