Manyan tayoyi sun ƙara wa Hilux ɗina shan mai: in sauya haƙorin aksil ko in mayar da tayoyin da?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Daura: "Ina sarin kayan masarufi a Katsina ina rarrabawa a Daura, Mai'aduwa, Zango da ƙauyukan Baure. Motata Hilux ce mai fetur, inji 2.7, giyar hannu. Da damina ta matsa mini bara sai na sa aka ɗaga ta, na cire tayoyinta 265/65 R17 na sa 285/70 R17 masu manyan zane. Da lita 12 take sha a kilomita 100, yanzu ta koma 15. Wani bakanike ya ce in sauya haƙorin aksil, wato haƙoran da suke isar da juyin inji ga tayoyi, wani ya ce in mayar da ƙananan tayoyin. Ina yin kusan kilomita 2,500 a wata. Wanne ya fi mini?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka biya kowane bakanike ko sisi, gyara lissafin tukuna, domin mitar motarka ta daina gaya maka gaskiya tun ranar da aka ɗaura tayoyin nan.

Tayar 265/65 R17 tsayinta daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne. Ta 285/70 R17 kuwa 831. Bambancin kashi 7 cikin ɗari ke nan. Ita mita juyin taya take ƙirgawa, ba ta san an sauya tayar ba, don haka in ta nuna maka kilomita 100, ka yi 107. Haka ma gudu: allura tana kan 100, kai kana kan 107. To raba lita 15 ɗin nan da 1.07, za ka samu 14. Ashe ƙarin da kake sha lita 2 ne a kowace kilomita 100, ba 3 ba.

Ka tabbatar da kanka. Cika tanki a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya, har bakin famfon ya katse da kansa, kada ka bari yaro ya riƙa ɗura ƙari yana girgiza motar. Rubuta lambar mita, ka yi harkarka da kayan da ka saba ɗauka, ka dawo ka sake cikawa a famfon nan. Kilomitar da mita ta nuna ka ninka ta da 1.07, sannan ka lissafa lita nawa motar ta sha a kowace kilomita 100. Yi haka sau uku, ka ɗauki matsakaici. Cikawa ɗaya ba ta isa hukunci ba, iskar hunturu kaɗai tana iya karkatar da ita.

Yanzu kuɗi. Lita 2 a kilomita 100, a tafiyar 2,500, lita 50 ce a wata. Farashi yana hawa yana sauka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, amma don sauƙin lissafi a ce lita ₦1,000: ₦50,000 a wata, ₦600,000 a shekara. Wannan ne abin da tsayin motar yake ci a ribarka, ban da tsadar tayoyin kansu in sun cinye.

Ina man yake tafiya? Wuri huɗu. Nauyin taya, wanda injin zai juya duk tashi kuma birki ya tsayar duk tsayawa, kuma aikinka na rarraba kaya tashi da tsayawa ne. Sai zanen laka, mai murɗewa a kan kwalta, wannan gurnanin da kake ji a hanyar Katsina zuwa Daura mai ne yake ƙonewa. Sai iska: mota mai tsayi da taya mai faɗi ta fi cin karo da iska, kuma turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba, daga gudun 100 zuwa 120 tana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari. Na huɗu shi ne giya, wato abin da bakanikenka na farko ya hango.

Babbar taya tana mayar da kowace giya ta yi wa injin nauyi da kashi 7 ɗin nan. Injin da yake juyi 2,500 a minti a lamba biyar yanzu zai sauka wajen 2,340 a gudu iri ɗaya. A takarda kamar an samu sauƙi ne. Amma da buhunan sukari da katon-katon na taliya a baya, injin 2.7 ba ya da ƙarfi a ƙasan nan, sai direba ya danne totur ko ya koma lamba huɗu, kuma wajen tashi ya riƙa jan kuloci. Sauya haƙorin aksil wannan matsalar kaɗai yake gyarawa. Ba ya rage nauyin taya, ba ya goge zanenta, ba ya rage iska. Ƙarfin tashi zai dawo, kuloci zai huta, amma kada kowa ya yi maka alkawarin komawa lita 12.

In ka nace sai ka yi, ga yadda ake zaɓe. A fara sanin lambar aksil ɗinka: a ƙirga haƙoran babban faifai a raba da na ƙaramin. Haƙori 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56. Lambar da ka samu ka ninka ta da 1.07. Idan 4.10 ce, amsa 4.39, wato tsakanin 4.30 da 4.56, mai ɗaukar kaya 4.56 ta fi dacewa da shi. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole gaba da baya su zama lamba ɗaya. Aka sauya na baya kaɗai, ranar da ka sa ta a ƙafa huɗu aksil biyu za su yi ta jayayya har wani abu ya karye a tsakani. Ɗaurin ma ba na kowane bakanike ba ne: sai an daidaita zurfin ƙaramin haƙorin da tazarar da ke tsakaninsu da ma'auni, a shafa fenti a ga inda haƙoran suke haɗuwa. Wanda ya ɗaura da ido, kuka za ka fara ji daga baya, sannan haƙoran su cinye. Bayan aikin a tafi a hankali, a sauya man aksil bayan kamar kilomita 800.

Sai ka auna da idon ɗan kasuwa. A ce aikin gaba da baya ya ci ₦750,000, a ce kuma ya rage maka rabin lita a kilomita 100. Lita 12 da rabi ke nan a wata, ₦12,500. Wata 60 kafin kuɗinka ya dawo, shekara biyar. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin nan ka zuba a kaya, juyawarsa za ta fi haka.

A ganina bakanike na biyu ya fi kusa da gaskiya, sai dai ba lallai ka koma daidai inda ka fito ba. Duba abin da manyan tayoyin suka saya maka: tsayin taya ya ƙaru da milimita 55, amma tulun aksil rabin haka kawai ya tashi daga ƙasa, milimita 27, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Ɗaga motar kuma bodi yake ɗagawa, tulun aksil na baya yana nan inda yake, kuma shi ne yake fara dukan tudun tsakiyar hanya. Yankinku ma yashi ya fi laka yawa, zanen laka kuwa haƙa rami yake yi a yashi. Abin da yake fitar da mota daga rairayi shi ne rage iskar tayoyi zuwa 18 ko 20 a ma'aunin PSI, a wuce a hankali, a mayar da iskar da zarar an hau kwalta. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota ya wadatar.

Ka nemi 265/70 R17 mai matsakaicin zane, irin na kwalta da burji. Tsayinta milimita 803, kashi 3 da ɗan wani abu kawai sama da ta asali, ba ta buƙatar a taɓa aksil. Ka duba lambar nauyin da ke jikinta ta kai ta tayar asali ko ta fi. Manyan kuma ka sayar da su yanzu tun zanensu yana da kauri, kafin su fara cinyewa gefe ɗaya. Ɗagin in bai wuce inci biyu ba ka bar shi, amma a sake yi mata alayimen bayan sauya tayoyin, in mai jan ƙafa huɗu ce kuma a leƙa robobin shaf ɗin gaba, domin a ɗagaggiyar mota su ne suke saurin yagewa, yashi ya shiga.